Agogon Sarkin Habasha da Rado ɗin Alhazanmu

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ga wata magana da nake so mu taɓa. A watan Mayun 2017, gidan gwanjon Christie's ya sayar da agogon hannu guda ɗaya a Geneva a kan faran na Suwizalan miliyan 2.9, kusan haka yake a dala a lokacin. Patek Philippe ne, samfurin da ake kira 2497, na zinari, mai baƙar fuska. Na Sarkin Habasha Haile Selassie ne, an ba shi kyauta da ya kai ziyara Suwizalan a 1954, tambarinsa na nan a marfin baya. Tun 2015 aka so sayarwa, zuriyar sarkin suka garzaya kotu suka ce kayan da aka wawushe ne bayan sojoji sun kifar da shi a 1974. Masu gwanjo suka ce a'a, shi da hannunsa ya ba wani babban mutum ɗan Afirka, zuriyar wancan ne suka kawo shi kasuwa. Aka janye, aka yi shari'a, daga baya aka sayar. Tambayata ita ce, wanda ya zube wannan kuɗi me ya saya? Lokaci, zinari, ko sunan mai shi?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Amsar ai ba ta da wuya, Injiniya. Asara ya saya. Casio ɗin da ke hannuna ko kuɗin buhun shinkafa bai kai ba, kuma in aka jera su wata guda sai ya ba wancan kashi wajen faɗin lokaci daidai. Masu kuɗi ne suka rasa inda za su kai shi.

Injiniya Bashir: A kan daidaito kam ba wanda zai ja da kai. Agogo mai batir na kirki bai fi ya yi kuskuren sakan 15 a wata ba. Mai inji kuwa, ko wanda ya ci jarrabawar daidaito ta Suwizalan, an yarje masa ya yi latti da sakan 4 ko ya yi gaba da sakan 6 a rana guda. Wannan gasa an gama ta tun ranar 25 ga Disamba 1969, da Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu mai batir na farko da ya shiga kasuwa. Yen 450,000 aka sa masa, kuɗin ƙaramar mota a lokacin, amma kafin shekara goma irinsa ya zama na kowa da kowa. Masana'antar Suwizalan ta kusa rufewa. Ma'aikata wajen 90,000 a 1970 suka dawo kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, wannan faɗuwar ce ta haifi harkar tara tsofaffin agoguna. Da aka daina buƙatar mai inji don sanin lokaci, sai aka koma kallonsa a matsayin aikin hannu da ba lallai a sake yin irinsa ba.

Hajiya Mai Gwal: Ni bari in amsa ɓangaren da na sani. Ba zinari ya saya ba. Agogon maza mai maɗaurin fata, in ka cire inji da gilashi ka ɗora gidan a kan sikeli, giram 'yan gomomi ne, kuma karat 18, ba 21 ko 22 da matanmu ke so ba. Ko a farashin yau ba zai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan kuɗi ba. Sau da yawa ana kawo mini irinsu shago bayan rasuwa, a ce Hajiya auna ki ba mu kuɗi. Abokan sana'armu da yawa aunawa suke su narkar, injin kuma a jefa a kwandon shara.

Injiniya Bashir: Hajiya, wannan magana taki ta fi komai tayar mini da hankali. Ga misalin da zai nuna miki ƙarfen ba shi ne ba. Patek suna da samfurin 1518, sun fara shi a 1941, guda 281 kacal suka ƙera. Yana da kalandar da ta san watan da ke da kwana 30 da mai 31, ta san shekarar da Fabrairu ke yin 29, duk da haƙoran giya kawai, babu batir babu kwamfuta. Kusan duka na zinari ne. Guda huɗu aka sani na farin ƙarfe. A 2016 ɗaya daga cikin huɗun nan ya tashi a kan faran miliyan 11 a gwanjon Phillips. Na ƙarfen ya ninka na zinarin sau da yawa, don kawai ba a samunsa.

Malam Habu: To alhamdu lillahi da na ƙarfen ya fi tsada, don dama na zo ne in tuna mana. Zinari da alharini an haramta su ga mazan wannan al'umma, an halatta wa mata, hadisin sananne ne. Agogon zinari zalla a hannun namiji ba ya halatta, ko na Sarkin Habasha ne ko na waye. Sannan akwai batun almubazzaranci. Mutum ya sa abin da zai gina asibiti a tsintsiyar hannu, maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba?

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri, Malam. Ka faɗa musu.

Dakta Zainab: Allah ya gafarta Malam, batun zinari ba ni da ta cewa. Amma ina ganin mun haɗa abubuwa biyu. Akwai mai sayen agogo don a gan shi a wurin ɗaurin aure, akwai mai adana shi don abin da yake ɗauke da shi. Ni malamar tarihi ce, a wurina agogon Haile Selassie takarda ce. Yana gaya maka cewa a 1954, lokacin da kusan duk Afirka na ƙarƙashin Turawa, akwai shugaban Afirka da ake tarba a Turai ana neman yardarsa da kyauta irin wannan. Rigimar kotun kanta tarihi ce: wa ke da haƙƙi a kan kayan sarkin da aka tumɓuke? Kuma shi kansa ɗaura agogo a hannu ba tun fil'azal maza ke yi ba. A ƙarni na 19 adon mata ne, namiji na aljihu yake riƙewa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya canja abin. Hafsan da ke cikin rami, zai fito da dakarunsa daidai minti kaza bayan manyan bindigogi sun yi shiru, ba shi da hannun lalube a aljihu. Sai aka riƙa liƙa wa ƙananan agogunan aljihu kunnuwa na waya ana zura fata, wasu har da ragar ƙarfe a kan gilashi saboda ɓaraguzai. Sojoji suka koma gida da su a hannu, shi ke nan abin ya zama na maza.

Sadiq: Aunty Dakta, ai har wata ma Rolex aka je da shi, Neil Armstrong ya sa.

Dakta Zainab: Omega ne, Sadiq, Speedmaster. Kuma Armstrong ya bar nasa a cikin kumbon saboda agogon cikin jirgin ya samu matsala. Na Buzz Aldrin ne ya taka wata a Yulin 1969, shi kuma daga baya ya ɓace a hanyar kai shi gidan tarihi, har yau ba a gan shi ba. In kana son labarin Rolex mai daɗi, ga shi. Mai kamfanin, Hans Wilsdorf, haifaffen Jamus ne, a Landan ya fara sana'ar a 1905 kafin ya koma Geneva. A Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa aika wa sojojin Birtaniya da Jamusawa suka tsare agoguna bashi, a kan su biya in yaƙi ya ƙare. Wani kofur mai suna Clive Nutting, da ke gyaran takalma a sansanin Stalag Luft III, ya yi odar nasa a 1943, aka kawo masa har cikin sansani da wasiƙar Wilsdorf. Ka ga a nan Bajamushe ne ke da yaƙinin cewa Jamus za ta sha kashi. Da aka zo sayar da agogon bayan shekaru, wasiƙun nan su ne rabin darajarsa.

Baba Mai Agogo: Salamu alaikum yarana. Ina ta karantawa, jikana ne ke rubuta mini. Ku kuna ta maganar Turawa, ni bari in gaya muku abin da ya bi ta kan teburina a Sabon Gari. Zamanin da naira ke da ƙarfi, alhaji ba ya dawowa daga Makka sai da Rado a hannu, mai gida mai sheƙi wanda ba ya karcewa. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayo Seiko 5 ko Citizen ko Orient. Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa su ne masu Omega, Rolex kuwa sai wane da wane. Abin da ya kashe mafi yawansu abu biyu ne, ruwan alwala da mu masu gyara. Robar da ke kan abin da ake murzawa a yi wa agogo wani takan bushe ta tsage, mutum bai sani ba, kullum sau biyar ruwa na shiga kaɗan kaɗan. Sai ka ga gumi ya kwanta a cikin gilashi da safe. In ka buɗe, sandar wani ta yi ja da tsatsa, ta bi ta ci ƙananan giyoyin da ke kusa da ita. Mu kuma, Allah ya yafe mana baki ɗaya, da yawa a cikinmu fetur suke tsoma injin a ciki, su ɗiga man keken ɗinki, su rufe. Wata uku ya daskare da ƙurar hunturu. In wani abu ya karye a ciro na wani agogon a dasa. Mai shi dai ya ga yana tafiya, ya biya ya tafi.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne Baba. Mu nan wajenmu West End anka fi sani da Rado. Tsohonmu ya kawo nashi daga hajjin ƙasa, har yanzu shina nan cikin adaka. Ashe wanga abu kuɗi ne muke kwana da shi?

Injiniya Bashir: Ɗan Maraɗi kada ka fara lissafin gina bene tukuna. West End da Rado DiaStar da Seiko 5 an ƙera su da yawan gaske, shi ya sa ba su da tsada a kasuwar duniya. Rado ɗin ya fito ne a 1962, kuma abin da Baba ya faɗa haka ne, gidansa na wani ƙarfe ne mai taurin tsiya da ba ya karcewa. Agoguna ne nagari, amma kuɗinsu bai wuce na waya mai kyau ba. Waɗanda ya kamata a buɗe ido a kansu a gidajenmu su ne na ƙasashen Larabawa masu tambari a fuska. Sarkin Oman, Sultan Qaboos, wanda ya hau mulki a 1970, ya riƙa yin odar Rolex ta hannun shagon Asprey na Landan, a buga musu tambarin ƙasarsa, wuƙar khanjar da takubba biyu, yana rabawa baƙi da waɗanda suka yi masa hidima. Akwai masu tambarin Saudiyya, akwai masu shahon Daular Larabawa, akwai masu rubuta ranar mako da Larabci. Mai khanjar na gaske yakan ninka irinsa marar tambari. Malamanmu da jakadunmu da 'yan kasuwarmu sun yi hulɗa da ƙasashen nan sosai, don haka duk wanda ya ga irin wannan a kayan gado kada ya kai wa Hajiya ta auna.

Hajiya Mai Gwal: Kai Injiniya, ni ai ba na narkarwa, cewa nake su je su nemi masani. Amma ina masanin yake? Mutum ya zo da matsalar kuɗin asibiti, ka ce masa ya jira gwanjon Geneva?

Nura Zariya: Tunda an zo nan bari in kawo tawa. Na tura hotuna uku a sama. Omega Seamaster ne na kakanmu, kamfanin sayen gyaɗa da ya yi wa aiki ne ya ba shi, an zana sunansa da 1968 a baya. Daga shi ya koma hannun mahaifinmu, Allah ya yi masa rasuwa bara. Fuskar da baƙa ce, yanzu ta koma kalar ƙasa-ƙasa, gilashin ya tsage a gefe, jikin duk karce. Wani mai gyara ya ce zai sake fentin fuskar, ya sa sababbin hannaye masu haske, ya goge jikin da inji ya dawo sabo fil, ya kuma share rubutun bayan. Me kuka gani?

Injiniya Bashir: KADA KA YARDA. Allah ya jiƙan mahaifinku, amma don Allah karɓo agogon nan yau.

Dakta Zainab: Allah ya jiƙansa da rahama. Nura, share rubutun bayan nan shi ne mafi muni a cikin abin da ya lissafa. Sunan kakanka da shekarar su ne suka raba shi da sauran dubban Seamaster da ke duniya. Sake fentin fuska kuwa kamar ka sami tsohon littafin kakanka na tawada ne ka bi rubutun da biro don ya fito raɗau.

Injiniya Bashir: Kuma wannan kalar ƙasa-ƙasa da kake gani aibi, ita masu tarawa ke nema ido rufe. Wasu baƙaƙen fuskoki na shekarun 1950 da 1960 fentinsu yana da rauni, rana da zafi sukan mayar da shi ruwan cakuleti. In ya koɗe bai ɗaya, ba dabbare-dabbare na ruwa ba, ƙarin kuɗi ake biya. Ranar da muke kuka da ita ita ta yi maka wannan aiki kyauta. Gogewa da inji kuma cin ƙarfe take. Kusurwoyin kunnuwan da maɗauri ke shiga, waɗanda aka fitar da kaifi daga masana'anta, sai su zama sulɓi, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Masani da ya kalli kunnuwan ya san an taɓa.

Baban Ilham: Ikon Allah. Wato tsufa da datti su ne kuɗi, gyara kuma asara. Wannan harka taku sai ku.

Baba Mai Agogo: Ba datti ba, ɗana. Ciki a wanke, waje a bari. Nura, na ga hotunan. In an buɗe bayan, injin Omega na wancan zamani launin jan gaci ne, yana ɗaukar ido, da faifai rabin da'ira da ke juyawa in ka motsa hannu, shi ke yi masa wani. Za ka ga ƙananan duwatsu jajaye inda sandunan giya ke zama. Akwai lamba mai tsawo a jikin injin. In ta fara da 24 ko 25 ko 26, ya yi daidai da shekarar da aka zana a baya. In ka ga injin fari fat, ko lambar an kankare, to wani ya riga mu. Sannan ka karkata gilashin a hasken rana ka duba tsakiyarsa daidai, na asali yana da ɗan tambarin Omega ƙanƙane, sai ka ƙura ido.

Malam Habu: Allah ya gafarta wa mamacin. Malam Nura, kafin gyara ko sayarwa, an raba gadon? In ba a raba ba, agogon nan ba naka ba ne kai kaɗai, haƙƙin dukkan magada ne, har da mata da ƙananan yara. Abin da ake yi shi ne a sa wanda ya san kaya ya yi masa ƙima ta gaskiya, wanda ke so ya ɗauka a cikin rabonsa ko ya biya sauran. A nan ne ma nake ganin amfanin iliminku, Injiniya. Da yawa akan raba gida da gona, a miƙa wa babban ɗa agogo da hula da carbi a ce tabarraki, alhali mai yiwuwa agogon ya fi gonar.

Nura Zariya: Ba a raba ba tukuna, Malam. Na gode da tunatarwa. Injiniya, kamar nawa zai yi?

Injiniya Bashir: Seamaster na yau da kullum na shekarun 1960, in komai nasa na asali ne, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubu ɗaya da wani abu. Ba kuɗin gona ba ne, amma ba na yarwa ba ne. In akwai kwalinsa da takardar garanti a cikin kayan mahaifinku, nemo su, suna ƙara masa daraja sosai.

Sadiq: To ni tambayata ta kasuwa ce. Da naira ke narkewa a hannu, ba gara mutum ya sayi Rolex ya ajiye ba? Na ga na Paul Newman, ɗan fim ɗin nan na Amurka, dala miliyan 17 da wani abu. Ko rabin rabin haka aka samu ai an warke.

Injiniya Bashir: Dala miliyan 17.75, a New York, Oktoban 2017. Amma duba abin da ya taru a kansa. Rolex Daytona ne samfurin 6239, mai irin fuskar da a zamaninta ba a so, tana kwantai a shaguna, kuɗinsa wajen dala 200. Matarsa Joanne Woodward ce ta saya masa da ya shiga tseren mota, ta sa aka zana masa gargaɗi a baya cewa ya yi tuƙi a hankali. Ya yi shekaru yana sawa ana ɗaukarsa hoto, har masu tarawa suka laƙaba wa duk mai irin fuskar sunansa. A 1984 ya cire ya ba saurayin 'yarsa, wai don yaron ba shi da agogo. Aka yi shekara talatin da wani abu ana neman inda yake. Irin wannan guda ɗaya ne a duniya, ba ya zama ma'auni. Kasuwar gama-gari kuwa ta hau sama sosai lokacin korona, ta kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ta yi ta gangarowa. Waɗanda suka saya a saman nan don riba sun ji a jikinsu. Ƙara da cewa a nan gida in ka tashi sayarwa, wa zai saya, kuma wa zai tabbatar masa na gaske ne?

Hajiya Mai Gwal: Shi ya sa mu muka tsaya a gwal. Ko tsakar dare ka kawo, sikeli ne zai yi magana.

Dakta Zainab: Batun tabbatarwa ma ba mu kaɗai yake kayarwa ba. A Nuwamban 2021 an sayar da wani Speedmaster na 1957, mai irin koɗaɗɗiyar fuskar da Injiniya ke yabo, a kan faran miliyan 3.1. Kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 sai ga labari ya fito cewa haɗe-haɗe ne, an tsinto sassa daga agoguna daban-daban aka harhaɗa. Kamfanin ya ce da hannun tsofaffin ma'aikatansa uku, ya kai ƙara. Masu ƙera abin ke nan, da kundin ajiyarsu da komai.

Baba Mai Agogo: To ashe dashen da muke yi a Sabon Gari har can ana yi, kuɗin ne ya bambanta.

Lawal Bakatsine: Baba ka ba ni dariya. Ni nawa ƙorafin a kan masu sayarwa a intanet ne. Na ga Seiko da Citizen da Oris "tsofaffi" masu fuska kore shar ko ja wur, sababbi ƙal, a kuɗi kaɗan. Yawancinsu daga Indiya ake haɗo su, tsohon inji, gidan wani, fuskar da aka buga jiya. Agogon da ya shekara hamsin ba ya zuwa da fuska kamar yau aka cire leda. Sannan Dakta, kin yi tarihin soja kin manta da namu na dawaki. Reverso na Jaeger-LeCoultre, 1931, saboda 'yan wasan folo aka yi shi, hafsoshin Birtaniya a Indiya da sanda da ƙwallo ke fasa musu gilashi. Gidan yana zamewa gefe ya kife, fuskar ta koma ciki, bayan ƙarfe ya fito waje. Mu da Sarki Dikko ya kawo mana folo Katsina, Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje, in da agogon da ya dace da mu ai shi ne.

Dakta Zainab: Na karɓa, Malam Lawal. Kuma bayan nan da ke fitowa waje shi ya zama allon zana suna da tambari, shi ya sa Reverso na da yawan masu labari.

Baban Ilham: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da talaka zai ƙaru da shi. Sarki ya sa, ɗan fim ya sa, attajiri ya saya ya kulle a banki. Ina tarihin yake in ba mai ganinsa?

Dakta Zainab: Wannan ƙorafin naka yana da ƙarfi, Baban Ilham, kuma ina tare da kai a rabinsa. Abin da ya shiga akwatin banki ya fita daga hannun jama'a. Na fi son a ce agogon Haile Selassie yana gidan tarihi a Addis Ababa. Amma ba manya kaɗai ke cikin labarin ba. A 1975 masu kamfanin Zenith na lokacin, Amurkawa, suka ba da umarni a watsar da kayan ƙera injin El Primero, wai zamanin mai inji ya wuce. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya riƙa kwashe kayan aikin da zane-zanen a ɓoye yana kai su can saman rufin masana'anta, yana rubuta komai a kundi. Da kasuwa ta juyo ya fito da su. Injin nan shi Rolex ta sa a Daytona daga 1988 har 2000. Ma'aikaci ne mai albashi, ba sarki ba. Na Nura ma ai tarihin ma'aikaci ne, da zamanin dalar gyaɗa.

Malam Habu: Tunda Sadiq ya kawo batun ajiya don riba, a sani cewa hukuncin ya canja. Agogon da kake sawa don amfani babu zakka a kansa. Wanda ka saya da niyyar kasuwanci kayan kasuwa ne. A mazhabarmu, mai ajiye kaya yana jiran farashi ya tashi yakan fitar da zakkar shekara guda ne ranar da ya sayar, in kuɗin ya kai nisabi. Mai shago da ke saye da sayarwa kullum kuwa ƙima zai yi duk shekara. Na zinari a hannun namiji, tunda ba adon da aka halatta masa ba ne, zinarin da ke jiki yana shiga lissafi.

Sadiq: Malam an gode. Ni dai na fasa, kuɗina ma bai kai na maɗaurin ba.

Injiniya Bashir: Baba, wani abu da nake so jikanka ya karanta maka da kyau. Agogunan da suka girmi farkon shekarun 1960, abin da ke haske da dare a hannayensu da lambobinsu sinadarin radiyam ne. Hasken ya mutu tuntuni, amma gubar tana nan, sai ta shekara 1,600 kafin ƙarfinta ya ragu da rabi. Ita ta kashe 'yan matan da ke shafa fentin a masana'antun Amurka a shekarun 1920, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini. A rufe a hannu ba abin firgita ba ne, amma in ka buɗe, garin da ke zubowa kada a hura shi da baki, kada a shaƙa. Waɗanda aka rubuta T a ƙasan fuska kusa da Swiss, kamar na Nura, wani sinadarin ne mai sauƙi, shi ƙarfinsa ya riga ya ƙare.

Baba Mai Agogo: Hurawa da baki kam mun yi ta ba adadi, Allah ya tsare. Yanzu ina da 'yar roba ta hura iska. Nura, in za ka kawo shi Kano kada ka yi masa wani, kada ka girgiza shi don ka ga ko zai tashi. Man ciki ya bushe, tafiya a haka cin sandunan take. Naɗe shi a tsumma mai laushi. Zan wanke injin, in sa mai, in canja roba da gilashi.

Injiniya Bashir: Baba, gilashin ma in na asali ne a bar shi mana. Tsagewar a gefe take.

Baba Mai Agogo: A'a Injiniya, nan kam ban bi ka ba. Ta tsagar nan damina za ta shiga ta cinye fuskar da kuke ta yabo. Zan cire in sa wani, tsohon in sa masa a 'yar takarda ya ajiye tare da agogon. Duk wanda ya zo saye ya ga abinsa.

Nura Zariya: Haka za a yi, Baba. Amma sai na fara zama da yayyena mata tukuna, kamar yadda Malam ya ce. Ɗaya daga cikinsu tana Kaduna, sai ƙarshen wata za ta shigo.